Bututu Ya Kauce wa Cibiya

A shekarar 1976 rana ta manta cewa a London take. Zafi aka yi na gaske, har kuɓewa sai da ta yi 'ya'ya a unguwar Edmonton. Turawa suka yi ta tuɓe riguna a bainar jama'a suna kwanciya a ciyawa, shi kuwa Malam Zailani yana nan cikin kwat ɗinsa, maɓalli har wuya, domin a ganinsa wanda gwamnati ta turo ba ya yawo da singileti.

Gwamnati ce kuwa ta turo shi. Lokacin kuɗin mai na kwarara a gida, ana shirin shimfiɗa bututu daga kudu zuwa arewa, sai aka ɗebo matasan ma'aikata aka watsa su ƙasashe su koyo yadda ake yi. Zailani, daga Kaduna, ya faɗo wani ƙaramin ofis da aikinsa ke nan: kafin a ba kamfani izinin haƙa rami ya binne bututu, su za su bi hanyar su duba abin da zai taɓa, ruwa ne, itace ne, tsuntsu ne ko mutum, su kai wa council, wato majalisar ƙaramar hukuma, rahoto. Maigidansa a ofishin shi ne Mista Pettifer, wani dogon Bature mai lofe a baki wanda ba a taɓa ganin ya kunna shi ba.

Aikin da ke gabansu a lokacin ba na mai ba ne, na iska ne. Wata masana'anta a bakin kogi tana zubar da iskar kabon dayoksaid, wannan da ke sa lemon kwalba kumfa. Can gaba kuma akwai manoman tumatir da kokwamba a gidajen gilashi, su neman iskar suke yi ido rufe, domin tana sa shuka ƙiba. Sai aka ce a haɗa su da bututu. Council ta ce ba ta ƙi ba, amma sai an yi binciken muhalli an kuma saurari mutanen unguwa. Dalilinta mai ƙarfi ne. Iskar ba ta da wari, ba ta da launi, ga ta da nauyi. In bututu ya tsage, kwari take nema ta kwanta kamar ruwa, duk mai rai da ya shiga wurin numfashi ya gagare shi.

Ranar da Mista Pettifer ya miƙa wa Zailani fensir ya ce shi zai zana hanyar zangon ƙarshe, Zailani bai ci abincin rana ba don murna. Ya bi wurin da ƙafa, ya auna, ya sake aunawa. Ta bakin rafi ba za ta yiwu ba, kwari ne, ga kwaɗin da Turawa ke ji da su kamar 'yan uwansu. Ta bayan makarantar firamare kuwa ko a mafarki. Abin da ya rage shi ne tudun da ke gefen allotment, wato filin da council ke yanka wa mazauna unguwa ƙananan fegi su yi lambu.

A nan ne Zailani ya yi abin da ya ɗauka shi ne mafi kyawun aikinsa tun da aka haife shi. Matarsa Sakinatu tana da fegi a wurin, wanda maƙwabciyarsu Emine, wata Baturkiya mai faɗin baki da faɗin zuciya, ta nemo mata. Zailani ya ce a ransa, in dai dole sai an taɓa lambun wani, to a taɓa nasa, kada gobe a ce ɗan Najeriya ya zo ya kare kansa ya cuci Bature. Ya aza rula, ya ja layi miƙaƙƙe ta kusurwar fegin matarsa, inda ya ga ba a shuka komai ba sai wata tsohuwar tukunya da aka kife. Mista Pettifer ya cire lofe daga baki ya ce, “Very decent of you,” wato ka kyauta ƙwarai. Zailani ya koma gida yana jin kamar bas ɗin ta yi masa kaɗan.

To, bari in gaya muku abin da ke ƙarƙashin tukunyar, tun da shi bai sani ba. A farkon shekarar Sakinatu ta haifi 'yar fari, aka sa mata sunan mahaifiyar Zailani, Karimatu. Goggo Yelwa ta zo daga gida ta yi mata wankan jego. Da cibiyar jaririya ta bushe ta faɗi, Goggo ta naɗe ta a farin ƙyalle ta tsaya tana duban flat ɗin, hawa na huɗu, ko'ina siminti. Ta ce ita ba za ta jefa cibiyar jikarta a kwandon shara ba, ba kuma za ta kai ta wata ƙasa ba, inda aka haifi mutum nan ake binnewa. Suka tafi lambun su uku da Emine, aka haƙa, aka binne, aka yi addu'a, aka kife tukunya don shaida. Ba wanda ya gaya wa Zailani, domin sha'anin mata ne, shi kuma bai tambaya ba, domin namiji mai kunya ba ya tambayar irin wannan.

Kunya kuwa a gidan nan ba a magana. Sakinatu 'yar gidan tarbiyya ce ta tsohon yayi. Jaririyar 'yar fari ce, ga sunan suruka, saboda haka ko da wasa sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. “Yarinyar nan” take cewa, in ta ji daɗi ta ce “mutuniyar”. In baƙi suka zo sai ta ajiye ta a gefe kamar ajiyar wani aka ba ta. Shi ma Zailani ba ya iya kiran sunan mahaifiyarsa gatsau, Hajiya Ƙarama yake ce wa jaririyar.

Da yamma bayan an ci tuwo, ya baza taswirar a kan tebur, ya danne gefenta da kwanon miya.

“Sakinatu, zo ki ga aikin mijinki. Kin ga wannan layin? Ni na ja shi. An riga an yi submitting, an miƙa wa council.”

Ta leƙo, jaririya a bayanta. “Ma sha Allah. Ina ne nan, Malam?”

“Allotment ɗinku mana. Ta kusurwarki zai bi. Yakuwarki da kuɓewarki ba abin da zai same su, na kula da wannan. Wurin tsohuwar tukunyar nan ne kawai za a tona.”

Sakinatu ta ɗago daga kan taswirar. Ta kai hannu baya ta gyara goyon da bai kwance ba.

“Ba za ta yiwu ba,” in ji ta.

“Me ya sa?”

“Haka kawai.”

“Haba, Sakinatu, haka kawai ba dalili ba ne. Tukunya ce fa, fasasshiya ma. In ita ce, gobe in sayo miki sabuwa.”

Ta ɗauke kwanon miyar, taswira ta nannaɗe kanta, ta shige kicin.

Daga ranar gaisuwa ta yi tsawo a gidan, hira ta gajarce. Da safe sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi lafiyar Mista Pettifer da iyalinsa, sannan ta tashi ta bar shi da shayinsa. Duk wanda ya taɓa zama da mace Bahaushiya ya san ladabi in ya kai haka, gara a zage ka. Zailani ya yi lallashi, ya yi bayanin nauyin iska da hatsarin kwari, har da zane a bayan ambulan. Ta saurara da kyau ta ce, “Allah ya ƙara basira.” Abin ya dame shi ƙwarai, domin yana son matarsa, kuma bai san laifin da ya yi ba.

Ranar Asabar ya tafi lambun shi kaɗai ya ƙara duba kusurwar, ko akwai wata shuka mai daraja da idonsa ya tsallake. Ya sunkuya ke nan zai ɗaga tukunyar sai ya ji ihu daga bayansa.

“Kai! Ɗauke hannunka!”

Emine ce, da cebur a hannu, tana tahowa tana tattaka latas ɗinta ba ta ma sani ba. Da Turancinta mai gurɗe-gurɗe ta wanke shi tas. Ita ba ta san wata kunyar ɗan fari ba, a garinsu abu in ya faru faɗarsa ake yi. Ta gaya masa abin da ke ƙasan tukunyar, da wadda ta binne, da yadda Sakinatu ke zuwa kullum ta zauna a wurin ta cire ciyawa da hannu.

“Matarka kuka take yi a nan tun ranar da ka kawo takardarka,” in ji Emine. “Kai kuma mai ilimi, ka auna kwaɗi, ka auna tsuntsu, ba ka auna gidanka ba.”

Zailani ya zauna a kan bokitin wani ba tare da ya nemi izini ba. Kunya ta rufe shi, tausayi kuma ya fi kunyar yawa. Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan a karo na farko tun shigowar zafin nan ya ɓalle maɓallin wuyansa.

Litinin da safe ya tsaya a gaban teburin Mista Pettifer ya yi bayani, yana kallon silin. Baturen ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba, abin da Zailani bai taɓa manta masa ba.

“Da ka zo kafin mu miƙa rahoto, da roba kawai za mu sa mu goge,” in ji shi. “Yanzu yana hannun council. Hanya ɗaya ta rage. Akwai zaman sauraron jama'a, kuma duk mai fegi yana da ikon ya tashi ya yi objecting, ya ce bai yarda ba. Fegin da sunan wa yake?”

“Da sunan matata.”

“To ita za ta yi magana. Kai kana ɓangarenmu, bakinka a rufe yake.”

Zailani ya ce a ransa, wannan Bature bai san abin da yake nema ba. Matar da ba ta iya gaya wa mijinta a ɗaki ba, ita ce za ta tashi a gaban taro?

Da ya koma gida bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ita tana tsinke yakuwa, ya ce, “Emine ta gaya mini. Ki yafe ni.”

Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya.

“Na yi tunani,” in ji shi, “ko mu tono abin a hankali, mu mayar da shi tsakiyar fegin? Ko mu tafi da shi gida in mun tashi?”

Sai a lokacin ta dube shi, irin duban da ake yi wa yaron da ya zo da shawarar a dafa ƙanƙara. “Malam, ba a tonowa. Abin da aka ba ƙasa an ba ta.”

“To sai dai ki yi magana a hearing, zaman sauraron jama'a. Ni an hana ni.”

“A gaban mutane?”

“A gaban mutane.”

Ta ci gaba da tsinke yakuwarta. Can ta ce, “Wace rana ce?”

An yi zaman ne wata Asabar da rana a zauren makarantar firamaren nan, manya zaune a kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa. Shugabar zaman wata tsohuwar Baturiya ce 'yar council mai gilashi a kan karan hanci, ga akawu a gefenta yana rubuta duk abin da aka faɗa. Zailani na gaba tare da Mista Pettifer da injiniyan kamfani. Sakinatu na can baya cikin mayafinta na zuwa biki, Emine na riƙe da jaririya.

An sha magana. Wani dattijo ya tashi ya yi dogon jawabi a kan kwaɗi, aka tabbatar masa ba za a kusanci rafi ba, ya zauna kamar bai ji daɗin samun abin da yake so da wuri ba. Wata ta tambaya in bututun ya fashe fa? Injiniya ya yi bayanin kaurin ƙarfen, da zurfin ramin, da makullan da za su datse iskar da kansu. Wani kuma ya zo ne kawai ya yi ƙorafin bas ba ta zuwa a kan lokaci. Daga nan shugaba ta duba zauren ta ce ko akwai sauran mai magana.

Sakinatu ta miƙe.

Turancinta na makarantar 'yan mata ne, tsaf-tsaf, sai dai muryar ta yi ƙasa har shugaba ta ce ta ɗan ɗaga. Ta ce fegi na kusurwa nata ne. Ta ce a garinsu in an haifi yaro ana binne cibiyarsa a ƙasar da aka haife shi, wurin ya zama nasa ko da ya yi nisa. Ta ce akwai irin wannan a kusurwar feginta, kuma tana roƙo kada a tona.

Shugaba ta juya ga akawu, akawu ya juya ga Mista Pettifer. Ba kabari ba ne, ba itace ba ne, ba ginin tarihi ba ne, a ƙarƙashin me za a rubuta shi? Kafin su gama kallon juna Emine ta tashi ba tare da an ba ta dama ba.

“Mu ma muna yi!” in ji ta. “Ni na ɗauki ta ɗana na kai har harabar jami'a na binne, don ya zama farfesa.”

“Ya zama?” wani ya tambaya daga baya.

“Kwandastan bas ne. Amma kullum ta ƙofar jami'ar yake wucewa!”

Dariya ta ɓarke, har dattijon kwaɗi sai da ya share hawaye. Da ta lafa, Mista Pettifer ya cire lofensa ya ce sharuɗɗan binciken sun ambaci duk wurin da mazauna unguwa ke darajawa, kuma a ganinsa an nuna daraja a nan fiye da yadda ake bukata. Shugaba ta gyaɗa kai. Ta tambayi injiniya ko bututun zai iya kaucewa. Injiniya ya yi ɗan gunaguni a kan ƙarin gwiwar ƙarfe biyu, sannan ya amsa cewa in aka karkata ta hanyar ƙafa da ke tsakanin fegi, ana nan dai a kan tudu, ba abin da zai ragu na tsaro.

“Madalla,” in ji shugaba. “Sai dai dole mu rubuta wanda wurin yake nasa. Misis Zailani, cibiyar wa ce?”

Nan fa ake yin ta. Sakinatu ta sunkuyar da kai. “Ta yarinyar nan ce,” ta ce, tana nuni da haɓa.

“'Yarki ce?”

Ta ƙara sunkuyar da kai. Zailani ya buɗe baki, Mista Pettifer ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

“Yi haƙuri,” in ji shugaba a hankali, “ba na son in takura miki. Amma akawu ba zai rubuta ‘yarinyar nan’ ba. In babu suna, babu abin da zan sa wa hannu.”

Zailani na ganin yadda yatsunta ke murɗa bakin mayafi. Ya san abin da ake nema a wurinta: ta yi abin da mahaifiyarta ba ta taɓa yi ba, kakarta ba ta taɓa yi ba, a gaban miji, a gaban baƙi. Da ta zauna a lokacin, da bai ga laifinta ba ko kaɗan.

Ta ɗago kai.

“'Yata ce,” in ji ta. “Sunanta Karimatu.”

Akawu ya ce ta taimaka ta maimaita a hankali don ya rubuta daidai. Ta maimaita, gaɓa-gaɓa. Emine ta rangaɗa wata irin guɗa ta Turkawa da ta tayar da jaririyar daga barci. Zailani kuwa ya zaro hankici ya yi kamar gumi yake sharewa, kuma Allah ya taimake shi shekarar ta zafi ce.

Izini ya fito bayan an fara ruwa, da sharaɗin a karkatar da bututun a kuma kewaye kusurwar da igiya muddin ana aiki. A sabuwar taswirar, layin Zailani da ya ja da rula ya yi wani ɗan doro kamar maciji ya haɗiyi ƙwai. Ya ɗauka abin zai yi masa ciwo. Sai ya tarar duk taswirar ba inda yake son kallo kamar wurin.

Ranar da masu haƙa suka iso lambun, suka je gani, shi da Sakinatu da Emine, jaririya a goye. Ramin ya taho miƙe daga bakin titi, da ya kusa tukunyar sai ya rusuna gefe ya wuce. Shugaban leburorin ya karanta takardar izinin, saboda haka duk wanda ya matso da baro sai ya daka masa tsawa da Turanci, “A kula da kwanar Karimatu!” Duk kiran da ya yi sai Sakinatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

“Kin gani,” in ji Zailani yana dariya, “sunan da kike ɓoyo, ga shi ƙatti na shelarsa.”

“Ai kai ka jawo, Malam.”

Suka tsaya suna kallo. Kwas ɗinsa ya kusa ƙarewa, an ma yi musu booking na jirgi. Can sai ta ce, “In mun koma gida, wa zai nuna mata wurin nan?”

“Yana cikin taswirar council. Ko bayan shekara nawa ta zo za ta same shi.”

“Taswira ba ta san ta ba.”

Ta kwance goyon a gaban leburori da Emine da kowa, ta ɗaga igiyar ta shiga. Ta durƙusa, ta cire wa jaririyar safa, ta dafa 'yan ƙafafunta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke gefen tukunyar. Yarinyar ta ji sanyi ta noƙe, sannan ta sake miƙo su da kanta.

“Karimatu,” in ji Sakinatu, ba wanda ya tambaye ta, ba mai rubutawa. “Taka da kyau. Nan naki ne.”